Harshen Aljabara da Ɗalibin da Ke Neman Shiga Jami'a

Aljabara wani reshe ne na ilmin lissafi da ake amfani da haruffa a cikinsa domin su tsaya a madadin adadin da ba a sani ba tukuna, ko adadin da ƙimarsa ke iya sauyawa, kuma babu reshen da ya kai ta ratsa takardun jarrabawar da matashi ke fuskanta tsakanin ajin ƙarshe na sakandare da ƙofar jami'a. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da takwararta NECO, wadda ta zo a 1999, su ne ke bayar da sakamakon da ake neman kiredit a cikinsa, wato darajar da ta kama daga A1 zuwa C6, yayin da hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ke shirya jarrabawar share fagen shiga manyan makarantu, inda mai neman injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta ba shi da makawa sai ya zauna wa lissafi. Ko wanda ya nufi likitanci, wanda babu lissafi a cikin darussansa huɗu na JAMB, zai tarar da aljabara tana jiran sa a tambayoyin fiziks da kemistiri, domin ba a fitar da gudun abu ko nauyin sinadari sai an juya fomula.

Rahotannin manyan masu duba takardu da WAEC ke fitarwa sun daɗe suna nanata rauni guda, wato gazawar ɗalibai wajen mayar da tambayar da aka rubuta da kalmomi zuwa alamomin lissafi, kuma duk malamin da ya taɓa zama da jan biro a gaban tarin takardu ya san cewa maki mai yawa yana zubewa ne tun a wurin karanta tambaya, kafin a kai ga tarawa ko ɗebewa. Aljabara tana da kalmominta da nahawunta, kuma ɗalibin da ya tashi da Hausa a gida yana koyon ta ne ta bakin wani harshe, Ingilishi a Kano da Sakkwato, Faransanci a Maraɗi da Damagaram, saboda haka aiki biyu ne a gabansa a lokaci guda, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka yanke wa hukuncin cewa ba su da kan lissafi a nan matsalarsu take. Nasihar da ta fi dacewa da irin wannan ɗalibi, namiji ne ko mace, ita ce kada ya bar layi ɗaya na aljabara ya wuce shi har sai ya iya faɗin abin da layin ke nufi da bakinsa, da Hausar da yake ciniki da ita, sannan ya riƙe sunan da takardar jarrabawa ke kiran abin da shi.

Tarihin fannin kansa yana goyon bayan wannan shawara. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a zamanin halifa Ma'amun, ya rubuta littafinsa kan hisabin al-jabr da al-muƙabala wajajen shekarar 820, kuma babu harafin x ko alamar tarawa ko ɗaya a cikinsa, domin da cikakkiyar magana ya bayyana kowace matsala da maganinta. Alamomin da ake gani yau daga baya suka zo a hankali: Robert Recorde, mutumin Wales, shi ya shigo da layuka biyun nan na alamar daidai a 1557, kuma René Descartes na Faransa ne ya yaɗa al'adar amfani da haruffan ƙarshe na abajada, wato x da y da z, a madadin adadin da ba a sani ba, a littafinsa na 1637. Alamomin nan taƙaitawa ce kawai ta maganar da aka daɗe ana yi, kuma duk abin da aka taƙaita ana iya warware shi. Layin 3x + 5 = 20 cewa yake yi akwai wani adadi da aka ninka sau uku, aka ƙara masa biyar, ya zama ashirin, kuma yaron da ke tsare wa mahaifinsa shago zai amsa da biyar kafin a rufe baki, alhali idan aka nuna masa layin a allo yana iya cewa bai taɓa jin ɗuriyarsa ba.

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya tantance shi ne sunayen sassan da ke cikin layi. A cikin 7x + 2y − 9 akwai gaɓa uku, kuma gaɓa ita ce kowane yanki da alamar tarawa ko ta ɗebewa ta raba shi da ɗan'uwansa, tare da lura da cewa alamar da ke gaban gaɓa tata ce, duk inda gaɓar ta tafi da ita take tafiya. Lambar da ke manne da harafi, kamar 7 a cikin 7x, ita ce maninki, domin ninka harafin take yi ko da ba a rubuta alamar ninkawa ba, kuma harafin da ya tsaya shi kaɗai maninkinsa 1 ne. Lambar da ba ta da harafi, kamar −9, tsayayyen adadi ce, tun da ƙimarta ba ta motsawa komai aka sa a madadin x ko y. Gaɓoɓi ba sa haɗuwa sai jinsinsu ɗaya, wato harafinsu ɗaya kuma ƙaramar lambar da ke kafaɗar harafin ɗaya ce, saboda haka 4x da 3x sukan zama 7x, amma 4x + 3y haka yake zama, haka ma 4x + 3x². Ɗalibai da yawa sukan ji kamar amsar da ke ɗauke da alamar tarawa ba ta kammala ba, sai su matse ta ta koma 7xy, su zubar da makin da ya riga ya shigo hannu.

Bambancin da ya fi wannan muhimmanci shi ne wanda ke tsakanin furuci da daidaito. Furuci shi ne tarin gaɓoɓi da babu alamar daidai a cikinsa, kamar 2x + 6, kuma bai yi iƙirarin komai ba, suna ne kawai na wani adadi. Daidaito, wanda ɗalibai suka fi sani da ikweshan, shi ne inda aka ce furuci kaza daidai yake da furuci kaza, kamar 2x + 6 = 14, kuma a nan ne kaɗai ake da abin nema. Umarnin da ke kan takardar jarrabawa yana bin wannan rabo sau da ƙafa. Idan aka rubuta "simplify", ana so ne a gyara furuci ya koma mafi sauƙin siffarsa, kuma amsar za ta iya fitowa da harafi a jikinta. Idan aka rubuta "solve", daidaito ne a gaba, kuma ƙimar harafin ake nema. Idan aka rubuta "evaluate", ana so a sa lambobi a gurbin haruffa a fitar da adadi guda. Akwai kuma ƙaramar kalmar nan "hence", wadda ke nufin a yi amfani da sakamakon sashen da ya gabata wajen amsa na gaba, kuma wanda ya yi biris da ita ya sake sabon lale yana iya samun amsa daidai amma ya rasa makin hanya. Ɗalibin da aka ba shi furuci ya ƙirƙiro masa "= 0" daga aljihunsa domin ya samu abin warwarewa ya amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Ita kuwa alamar daidai, wadda kowa ke ganin ya san ta tun firamare, ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Yaro yakan tashi da ɗaukar ta a matsayin sanarwar cewa ga amsa nan tafe, shi ya sa ake ganin rubutu irin 5 + 3 = 8 × 2 = 16, wanda idan aka karanta shi da gaske cewa yake yi takwas daidai take da goma sha shida. Ma'anarta ta haƙiƙa ita ce abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya, kamar faranti biyu na sikelin mai sayar da nama idan sun tsaya cak, kuma doka ɗaya ce tak ke mulkin warware daidaito: duk abin da aka yi wa ɓangare ɗaya sai an yi wa ɗayan. A cikin 3x + 5 = 20 ana ɗebe 5 daga ɓangarorin biyu a samu 3x = 15, sannan a raba ɓangarorin biyu gida uku a samu x = 5. Abin takaici shi ne a azuzuwa da yawa an maye gurbin wannan doka da wata gajeriyar hadda, wai idan lamba ta tsallaka alamar daidai sai ta canza alama. Haddar tana aiki a wurin tarawa da ɗebewa, amma ranar da ɗalibi ya iso 3x = 15 sai ya tsallakar da 3 ɗin ta koma −3, ya rubuta 12 ko −5 a matsayin amsa, domin ba a taɓa gaya masa cewa babu abin da ke tsallakawa ba, raba ɓangarorin biyu ake yi. Gajeriyar hanya halal ce ga wanda ya san doguwar, kuma ya dace ɗalibi ya yi makonni yana rubuta aikin a ɓangarorin biyu ƙarara kafin ya yarda wa kansa taƙaitawa.

Adadin da ke ƙasa da sifili, wato mai ɗauke da alamar ɗebewa, shi ne wurin tuntuɓe na biyu. Masanin Indiya Brahmagupta, wanda ya tsara dokokinsa a 628, ya kira adadin da ke sama da sifili dukiya, na ƙasa da sifili kuwa bashi, kuma har yau wannan fassara tana warware yawancin ruɗani: mai bashin 7 da ya samu 10 ya tsira da 3, mai bashin 7 da ya ƙara cin bashin 10 yana ɗauke da bashin 17, kuma ɗebe bashi daga kan mutum daidai yake da ƙara masa dukiya, wanda shi ne dalilin da ya sa 5 − (−2) ya zama 7. Inda aka fi yin asara shi ne wurin da alamar ɗebewa ta tsaya a gaban baka biyu, domin tana shafar duk gaɓar da ke ciki, ta farko da ta ƙarshe. Saboda haka 10 − (x − 4) yana zama 10 − x + 4, wato 14 − x, amma hannun da ke sauri yakan rubuta 10 − x − 4. Haka kuma −3² amsarsa −9 ce, domin 3 kaɗai aka ninka da kanta, yayin da (−3)² ke bayar da 9, kuma masu tsara tambayoyi sun san wannan rami sarai.

Tsarin gabatar da ayyuka, wanda ake haddacewa da sunan BODMAS, ba ya buƙatar dogon bayani sai a wuri ɗaya. Kowa ya yarda 2 + 3 × 4 goma sha huɗu ne, tun da ninkawa tana gaba da tarawa, amma haddar takan sa ɗalibi ya zaci tarawa tana gaba da ɗebewa, alhali matsayinsu ɗaya, daga hagu zuwa dama ake bin su, kamar yadda ninkawa da rabawa suke. Amsar 10 − 4 + 3 tara ce, wanda ya fara tara 4 da 3 kuwa uku zai samu.

Ƙaramar lambar da ke kafaɗar wata lamba ko harafi tana faɗin sau nawa gindin zai bayyana a cikin ninkawar, don haka 2³ yana nufin 2 × 2 × 2, wato 8, kuma wanda ya ce 6 ya karanta ta ne a matsayin maninki. Adadin da aka ninka da kansa sau ɗaya shi ne murabba'i, kalmar da aka saba ji a awon fili, komawa baya daga murabba'i zuwa adadin da ya haife shi kuwa shi ne neman tushe. Dokokin lambar kafaɗa ba sa buƙatar hadda idan aka warware su: x² × x³ haruffa biyu ne da haruffa uku a jere, jimlarsu biyar, shi ya sa amsar ta zama x⁵, yayin da (x²)³ ke nufin x² sau uku a jere, wato x⁶. A nan ne ya kamata ɗalibi ya koyi ɗabi'ar da ta fi kowace daraja a wannan fanni, wato gwada duk dokar da yake shakka da ƙananan lambobi. Idan zuciya ta raya masa cewa (a + b)² daidai yake da a² + b², sai ya sa 3 da 4: ɓangaren farko ya ba shi 49, na biyu 25, kuma bambancin 24 da ke tsakani shi ne gaɓar 2ab da ya manta. Idan ya ji sha'awar soke 4 na sama da 4 na ƙasa a cikin (x + 4)/4, sai ya sa 8 a madadin x, ya ga amsar gaskiya 3 ce, ya gane cewa ana soke abin da ke ninka dukan saman ne kawai, ban da abin da aka tara. Gwajin ba ya cin rabin minti, kuma yana tare da ɗalibi a ɗakin jarrabawa inda babu littafi babu malami.

Tambayoyin da aka rubuta da kalmomi su ne ainihin fagen da harshe ke nuna ƙarfinsa. Kalmar "product" a takardar lissafi sakamakon ninkawa take nufi, ba ta da alaƙa da kayan masana'anta, kuma wanda ya tara inda aka ce ya ninka ya yi aikin banza komai tsabtar rubutunsa. Idan aka ce wani adadi "5 less than x" ne, biyar ce ta fara zuwa a magana amma x ne ke fara zuwa a rubutu, wato x − 5, kuma Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi wahala ba, tun da a ƙirgarsa ta gado yana cewa ashirin babu ɗaya yana nufin 19, ashirin babu biyu yana nufin 18, babban adadin a gaba, abin da aka cire a baya. Matakin farko a kowace irin wannan tambaya shi ne a rubuta a fili abin da harafin ke wakilta. Idan aka ce lambobi uku ne a jere jimlarsu 72, sai a kira ta farko x, ta biyu x + 1, ta uku x + 2, a samu 3x + 3 = 72, lambobin su fito 23 da 24 da 25. Idan aka ce uba yana da shekara 40, ɗansa 12, aka tambayi bayan shekara nawa shekarun uban za su zama ninki biyu na ɗan, abin da ake mantawa shi ne su biyun duka suna girma, don haka daidaiton shi ne 40 + x = 2(12 + x), amsar kuma 16, lokacin da uban ke da 56, ɗan 28. Hatimin nan mai gida tara, wanda malamin Katsina Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi ya yi rubutu kan irinsa a 1732 kafin rasuwarsa a Alƙahira a 1741, yana ɗauke da irin wannan tambaya: lambobi 1 zuwa 9 jimlarsu 45, layuka uku ne masu jimla ɗaya, saboda haka idan aka kira jimlar layi ɗaya s, sai a samu 3s = 45, kuma kowane layi dole ya tashi 15.

Babban kaso na littafin al-Khwarizmi kan wasiyya da rabon gado yake, kuma ɗalibin da ya yi karatun fiƙihu a Islamiyya ko a zaure yana riƙe da jari a nan wanda sau da yawa bai san yana da shi ba. Rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni, waɗanda ake jin su a babin gado, su ne 1/2 da 1/3 da 1/4 da 1/6 da 1/8 na takardar jarrabawa. A ɗauka mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, babu wani magaji bayansu, kuma abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira 400,000 ne. Matar tana da sumuni, wato 50,000, saura 350,000. Idan aka kira rabon 'yar x, kowane namiji yana da 2x, sai a samu 2x + 2x + x = 350,000, wato 5x = 350,000, rabon 'yar ya zama 70,000, na kowane ɗa 140,000. Wannan shi ne abin da manhaja ke kira rabo bisa gwargwado, 2 : 2 : 1, kuma duk tambayar da ta ce a raba riba tsakanin abokan kasuwanci bisa jarin kowa da wannan hanyar ake bin ta.

A lissafin kashi cikin ɗari tambayar da ke raba gardama ita ce kashi na mene ne. Wanda ya sayi kaya naira 8,000 ya sayar 10,000 ribarsa kashi 25 cikin ɗari ce, domin a kan kuɗin saye ake auna ta, kuma farashin da aka ƙara wa kashi 20 sannan aka rage masa kashi 20 ba ya komawa inda yake, daga 100 yakan je 120 ya sauko 96. Haka nan akwai bambanci tsakanin gurbin desimal, wanda ake ƙirgawa daga ɗigo, da lambobi masu ƙima, waɗanda ake ƙirgawa daga lambar farko da ba sifili ba: 0.04567 zuwa gurbi biyu 0.05 ne, zuwa lambobi biyu masu ƙima kuwa 0.046. Ɗalibin Nijar da ke amfani da littattafan Nijeriya sai ya lura cewa inda tsarin Faransanci ke sa waƙafi a desimal, tsarin Ingilishi ɗigo yake sawa, waƙafin kuma ya bar shi wa dubbai.

Idan adadin da ba a sani ba ya zama biyu, sai an samu daidaito biyu kafin a kama su, kuma su ne tagwayen daidaito. Littafi uku da biro biyu naira 1,300, littafi ɗaya da biro biyu naira 700: da aka ɗebe na biyu daga na farko biro ya fita daga lissafi, littafi biyu suka tsaya a 600, kowane 300, biro kuma 200. Daidaito mai murabba'i, wato wanda x² ke cikinsa, ya fi wannan buƙatar natsuwa, domin yawanci amsa biyu gare shi. Ana mayar da x² − 5x + 6 = 0 zuwa (x − 2)(x − 3) = 0, kuma hujjar matakin da ke biye ita ce abubuwa biyu ba sa ninkuwa su ba da sifili sai ɗayansu sifili ne, don haka x ko dai 2 ne ko 3. Wanda bai riƙe wannan hujja ba zai yi amfani da dabarar a inda ɓangaren dama ba sifili ba ne, ya ɓata. Wanda kuma ya ga x² = 5x ya raba ɓangarorin biyu da x ya samu 5, amma ya jefar da amsa ta biyu, wato sifili. Sanannen misalin al-Khwarizmi shi ne x² + 10x = 39, kuma hanyarsa ita ce a ɗauki rabin goma, a ninka shi da kansa a samu 25, a ƙara wa 39 ya zama 64, a ɗauki tushensa 8, a cire biyar ɗin, saura 3. Wannan ita ce dabarar cika murabba'i, kuma daga gare ta aka fitar da babbar fomular da ɗalibai ke haddacewa ba tare da sanin asalinta ba. Shi al-Khwarizmi bai kawo amsa ta biyu ba, wato −13, domin bai lasafta adadin da ke ƙasa da sifili a matsayin amsa ba, amma mai jarrabawar yau yana son duka biyun, sai fa inda ma'anar tambayar ta kore ɗaya. Filin da tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 5, girmansa kuma murabba'in mita 84, yana bayar da 7 da −12, kuma tun da babu fili mai faɗin da ke ƙasa da sifili, sai a ɗauki 7 a rubuta dalilin barin ɗayar.

Rinjaye, wato inda aka ce ɓangare ɗaya ya fi ɗaya ko bai kai shi ba, dokokin daidaito yake bi sai a wuri guda: idan aka ninka ko aka raba da adadin da ke ƙasa da sifili, bakin alamar yana juyawa, saboda haka −2x > 6 yana zama x < −3, kuma sa −4 a gurbin x yana tabbatar da hakan nan take. Kalmar "at least" aƙalla take nufi, adadin da aka ambata yana ciki. Juya fomula kuwa, wato fitar da wani harafi ya tsaya shi kaɗai, warware daidaito ne da haruffa a madadin lambobi: daga F = 9C/5 + 32, wadda ke nuna cewa zafin digiri 40 na bazara daidai yake da 104 a ma'aunin Fahrenheit, ana ɗebe 32, a ninka da 5, a raba da 9, a samu C = 5(F − 32)/9.

Jarrabawar WAEC da ta JAMB ba hali ɗaya suke nema ba, kuma shirin da ya yi wa ɗaya daidai yana iya gaza wa ɗayar. Takardar rubutu ta WAEC tana bayar da maki a kan hanya daban da makin amsa, saboda haka ɗalibin da ya jera matakansa a fili yana tsira da wani abu ko da ya yi tuntuɓe a layin ƙarshe, wanda kuwa ya rubuta amsa tsirara yana iya tashi da kaɗan ko da ta yi daidai. Jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, tambayoyi 180 ce a cikin awa biyu, 40 daga ciki na lissafi ga wanda ya zaɓe shi, wato sakan 40 ga kowace tambaya idan aka raba lokacin daidai, kuma babu mai ganin hanya sai amsa. A nan ya halatta a ɗauki zaɓuɓɓukan a mayar da su cikin daidaiton a ga wanda ya zauna. Sai dai ganin amsar da mutum ya samu a cikin zaɓuɓɓuka huɗun ba hujja ba ce cewa ya dace, domin zaɓuɓɓukan ƙarya daga sanannun kurakurai ake ƙera su, kuma wanda ya manta juya alamar rinjaye zai tarar da kuskurensa zaune a allo yana jiran a danna shi.

Game da tsarin karatu, awa ɗaya kullum da alƙalami a hannu ta fi kwana guda cur a ƙarshen mako, kuma karanta misalin da aka riga aka warware yana sa mutum ya ji ya iya alhali bai gwada ba, sai ya rufe littafin ya sake aikin da kansa gaskiya take fitowa. Masu dogara da satar amsa sukan ci kiredit su shiga jami'a, sannan su haɗu da darasin lissafi na shekarar farko wanda ke ɗauka cewa duk abin da ke cikin wannan bayani an riga an san shi. Abin da ya fi amfani shi ne ɗalibi ya ware ƙaramin littafi gida biyu. A gaba ya rubuta kowace kalma da sunanta na takardar jarrabawa, da ma'anarta da Hausarsa, da misali ɗaya da shi ya ƙirƙira, ya kuma gwada bayyana ta ga ƙanensa ko abokin karatunsa, domin inda harshensa ya sarƙe nan ne fahimtarsa ta tsaya. A baya kuma ya rubuta duk tambayar da ya faɗi daga tambayoyin shekarun baya, tare da ainihin abin da ya kayar da shi, ko rashin gane kalma ne, ko alama, ko gaggawa. Bayan 'yan makonni shafukan baya za su nuna masa cewa kurakuransa ba su da yawa, iri uku ne ko huɗu ke ta maimaituwa, kuma idan alamar ɗebewa a gaban baka biyu ce ta fi yawa a cikinsu, to babin baka biyu ne aikinsa na mako mai zuwa, ko da 'yan ajinsu sun riga sun wuce zuwa logaridim.